Darasi: Yadda ake raya ƙasa bayan haƙar zinariya

Ƴan uwa manoma da makiyaya, zinariya tana ƙarewa, mahaƙa su watse, amma ramuka suna nan tare da mu. Ranar 7 ga Nuwamba 2021, a Garin Liman, cikin karkarar Ɗan Isa ta jihar Maraɗi, ramukan haƙa sun rufta, aƙalla mutum 18 suka rasu. Allah ya jiƙan su.

Filin da aka bari yana da illa biyu. Ta farko a fili take: da damina ramuka na cika da ruwa, yara da dabbobi su faɗa, sauro ya hayayyafa. Ta biyu ɓoyayya ce, wato guba. Zaibar da ake kama zinariya da ita tana zama cikin ƙasa shekara da shekaru. Wasu duwatsun kuma suna ɗauke da dalma. A jihar Zamfara ta Najeriya, a 2010, dalma ta kashe yara fiye da 400, saboda ana niƙa dutsen cikin gidaje. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje, aka binne ta nesa, aka zuba sabuwa.

Ga yadda za mu bi aikin daki-daki:

1. Mu kewaye rami mai zurfi da ƙaya, kada kowa ya shiga. Mu sanar da magajin gari da ma'aikatan gandun daji.

2. Wajen cikewa, duwatsu ne a ƙasa, sai jar ƙasa, sannan baƙar ƙasar sama daga ƙarshe, domin ita ce mai taki da irin ciyawa. Mu tula ta ta ɗan yi tudu, don za ta lotsa bayan ruwan farko.

3. Inda wuri ya zama faƙo, mu yi rabin wata mai faɗin mita 4, bakinsa na duban inda ruwa ke gangarowa. Ko mu yi tassa, kamar yadda manoman Illela suka farfaɗo da gonakinsu: ƙaramin rami, da taki cikin tafin hannu.

4. Mu dasa ɗakwara da bagaruwa da aduwa, mu shuka gamba don ta riƙe ƙasa. Mu tsare wurin daga dabbobi har itatuwa su kama.

5. Inda aka niƙa dutse ko aka wanke zinariya, kada a shuka hatsi ko kayan miya, kada a yi kiwo, kada a ɗebi ƙasar gini, sai masana sun auna ta. Ciyawa ta yi kore ba shaida ba ce cewa guba ta fita.

Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, na gayya ne, kuma rani ne lokacinsa, kafin ruwa ya sauka.

Tambayoyi don tattaunawa a aji:
Ramuka nawa ne a buɗe kusa da garinmu?
Don me ake ajiye ƙasar sama daban tun ranar da aka fara haƙa?