Isnadin Umarni a Iyakar Jibiya

Tun da aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi a Fabrairun 2021, wadda za ta ratsa Jibiya kafin ta shiga Nijar, jama'a suka zuba ido ga gadoji da ƙarafa. Amma mu da sana'armu ita ce kula da na'urorin da ke ba injuna umarni, hankalinmu yana ga abin da ido ba ya gani, wato saƙonnin da za su riƙa kai-komo cikin waya, suna kunna fitilar tsayawa, suna karkatar da layin dogo.

Aibin waɗannan na'urori shi ne ɗa'a ba tare da tambaya ba. Modbus, ƙa'idar sadarwar da aka ƙirƙira a 1979 kuma har yau masana'antu ke aiki da ita, ba ta neman shaidar wanda ya aiko umarni. A Polan ma, cikin Agustan 2023, da siginar rediyo kawai wasu suka tsayar da jiragen ƙasa kimanin 20.

Saboda haka nake koya wa yarana usulin malaman hadisi: a binciki isnadi, sannan a binciki matani. Isnadi shi ne daga wace na'ura umarni ya fito, da wane lokaci, kuma ko ta saba aiko irinsa. Da yake inji ba shi da son zuciya, al'adarsa guda ce dare da rana, duk baƙon saƙo sai ya fito fili ga wanda ya adana tarihin saƙonnin. Matani kuwa, wato abin da saƙon ya ƙunsa, ya fi wuya, domin allo yana iya yin ƙarya. Muguwar manhajar kwamfuta mai suna Stuxnet, da aka gano a 2010, tana lalata injunan Natanz a Iran alhali tana nuna wa ma'aikata cewa komai lafiya lau. Idan allo ya ce famfo yana aiki, to a je a leƙa tanki.

Wani lokaci ma ba a san ta inda umarni zai iya shigowa ba. Na taɓa buɗe akwatin na'ura a wata tashar tura ruwa a yankin nan, na tarar da ɗan modem da layin waya a ciki, ƙura ta lulluɓe shi, fitilarsa na ƙyaftawa. Ɗan kwangila ne ya bar shi don gyara daga nesa, kalmar sirrinsa ta kamfani ce ba a canza ba, kuma babu ma'aikacin da ya san da shi.

Wajibi ne kuma na'urar da ke sa ido kan saƙonnin ta zauna a cikin tasha ita kanta, ta iya yin ƙararrawa ko babu intanet, domin mutanen Jibiya ba su manta da Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa saboda 'yan bindiga.