Tutar Sarkin Musulmi da Shekaru Hamsin na Abubakar na Uku

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwana ɗalibai, mu da muka tashi a Tamanrasset mun san alamar sarautar Amanukal na Ahaggar ita ce tambari, wanda suke kira ettebel. To a Sakkwato, alamar ita ce tuta, kuma asalinta yana cikin Sira. A yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, Zaidu ɗan Harisa ya riƙe tutar Musulmi har ya yi shahada. Ja'afaru ɗan Abi Ɗalib ya karɓa, aka sare hannunsa na dama ya mayar hagu, aka sare na hagu ya rungume ta. Kun ga ke nan tuta amana ce.

Da wannan fahimtar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya riƙa ba almajiransa tuta bayan fara jihadi a 1804: Umarun Dallaji a Katsina, Malam Musa a Zazzau, Yakubu a Bauci, Buba Yero a Gombe, Modibbo Adama a Adamawa. Wanda aka ba tuta, an ɗora masa tsayar da adalci ne a wannan ƙasa.

Ranar 15 ga Maris 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas da jama'arsa, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na wannan shekara, tutarsa ta faɗa hannun Turawa. Ikon Allah, a 1903 ɗin nan ne aka haifi Abubakar a Dange. Ya hau gadon sarauta a watan Yuni 1938, kuma a hannunsa aka mayar da tutar a 1960, shekarar da Najeriya ta samu 'yancin kai.

A watan Yuni 1988 aka yi bikin cikarsa shekara 50 a kan mulki. Babu Sarkin Musulmin da ya kai shi daɗewa. Ya zauna da Turawa, da 'yan siyasa, da sojoji, ya ga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Ranar 1 ga Nuwamba 1988 Allah ya yi masa rasuwa, wata biyar ma ba a cika ba da bikin.

To wannan shi ne abin lura. Shekara hamsin da taron biki duk sun wuce, tuta ta koma hannun wani. Abin da za a tambaye shi a gaban Allah shi ne yadda ya riƙe ta. Mu ma ai akwai abin da aka damƙa mana: karatun da iyayenmu suke wahala a kansa. Wanda ya yar da allonsa don rana ta yi zafi, ya tuna da Ja'afaru.

Allah ya jiƙan magabata, ya ba mu ikon riƙon amana. Wallahu a'alamu.