Ko An Kawo Wuta, Inbata Tana Da Iyaka

Duk wanda ya bi hanyar Daura zuwa Baure a 'yan shekarun nan zai ga farantan sola a kan rufin gidaje da shaguna. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, a ranar farko ta mulkin sabuwar gwamnati, janareta ya gagari mutane da yawa, sa'an nan a watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Mu ma a gidajen malamai, da dama daga cikinmu mun tara 'yan kuɗinmu mun haɗa faranti da batir da inbata, wato akwatin nan mai juya wutar batir ta zama irin wadda fanka da firji suke so.

Akwai wata ɗabi'a da muka lura da ita a gidajenmu. Da zarar yara sun yi ihu cewa NEPA ta kawo wuta (ko da yake kamfanin KEDCO ne ke rarraba mana ita tun 2013, tsohon sunan ya ƙi barin bakinmu), sai kowa ya ruga. Wannan ta jona dutsen guga, wancan ya tsoma hita a bokiti, maigida kuma ya kunna injin jawo ruwa. Tunaninmu shi ne inbata ta tafi hutu. Wannan tunani ya ƙone wa mutane kaya, shi ya sa muka ga ya kamata mu yi darasi a kansa.

A yawancin gidaje, mai haɗa wuta yakan kai wayar NEPA cikin inbata tukuna, daga nan wata waya ta fito ta shiga gida. Ke nan ko an kawo wuta, ta cikin akwatin take ratsawa. A ciki akwai wani ɗan makunni mai aiki da kansa, ana ce da shi rile. In akwai wutar NEPA sai ya haɗa ta da gida kai tsaye, in an ɗauke sai ya juya ga batir kafin ƙiftawar ido. Bakin ƙarfen da ke haɗuwa a cikinsa bai fi ƙwayar wake girma ba. Mu ɗauke shi kamar kwalbati a kan hanya da damina: kome yawan ruwan da ya taho, iyakar faɗin kwalbatin ne zai wuce lafiya, in ya fi haka sai ya ci hanyar.

To, yaya za mu san faɗinsa? Ɗalibanmu na ajin kimiyya sun san ƙa'idar: wat daidai yake da bolt sau amfiya. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce. A jikin inbata ko cikin littafinta akan rubuta lambobi biyu, kuma ba abu ɗaya suke nufi ba. Ta farko ita ce ƙarfin da za ta iya samarwa daga batir, alal misali 3.5kVA. Masu shago a kasuwar Sabon Gari ta Kano sukan kira wannan wat 3,500, amma a inbatoci da yawa ainihin abin da za ta ɗauka kashi 80 cikin 100 ne na wannan, wato wat 2,800. Lamba ta biyu ita ce yawan amfiyar da aka yarda ta ratsa ta cikinta daga NEPA. A wasu ta ɗan fi ta farko, a wasu kuwa daidai suke.

Bari mu yi lissafi da wani gida na misali, mu ce lamba ta biyun amfiya 20 ce, wato wat 4,600. Dutsen guga wat 1,200, hita wat 1,500, firji wat 150, fankoki da fitilu da talabijin wat 300. Jimla wat 3,150. Har yanzu da saura, in ji mai saurin yanke hukunci. Amma mun manta da wani baƙo da ba ya sallama, wato cajin batir. Lokacin da wuta ta dawo, a lokacin ne inbata take ɗurawa batir, kuma ta ƙofa ɗaya take jawo wannan wutar. Batir mai bolt 24 da ake yi wa caji da amfiya 30 yana cin kusan wat 900. Mun kai 4,050 ke nan, wajen amfiya 18. Sai maigida ya kunna injin ruwa mai ƙarfin doki ɗaya, wanda aikinsa wat 746 ne, abin da yake ja kuwa ya fi haka, kuma a daƙiƙar tashinsa yakan ja ninki uku ko fiye. An wuce iyaka. In an yi sa'a bireka ta faɗi. In ba a yi ba, bakin rile ya yi ta zafi yana tartsatsi, yau kaɗan gobe kaɗan, har ya ƙone ko ya liƙe. Warin roba da muke ji wani lokaci a kusa da akwatin, muna ɗora wa ɓera laifi, sau da yawa daga nan yake.

Garuruwa irin namu da ke ƙarshen dogon layi suna da ƙarin matsala, domin wuta takan iso da rauni. In ta sauka zuwa bolt 180, amfiya 20 ɗin nan wat 3,600 kawai za ta bayar. A nan sai mu yi hankali, domin ba dukan kaya ne halinsu ɗaya ba. Dutsen guga da hita sukan rage ci in wuta ta yi rauni, su yi ta jinkirin zafi. Injin firji da na ruwa da na'urar caji su ne sukan ƙara jan amfiya don su cike giɓin. Ban da haka, inbatoci da yawa an saita su su ƙi karɓar wutar da ta gaza bolt 170. Sai ka ga ƙwan fitilar maƙwabta yana ci ja-ja-ja, kai kana guga da murna, alhali batirinka kake zuƙewa.

Lokaci mafi hatsari kuwa shi ne sa'ad da aka ɗauke wuta ba sanarwa. Kayan wat 3,150 da muka lissafa sai su faɗo gaba ɗaya a kan inbata mai wat 2,800, ta nemi amfiya fiye da 130 daga batir. Mai kyau za ta yi ƙara ta kashe kanta. Wani abokin aikinmu tasa ba ta yi ƙara ba, hayaƙi ta yi, kuma kuɗin gyara ya tafi da rabin albashinsa na wannan wata. Da muka je jaje wasu suka ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Mu dai da muka duba, dutsen guga da hita ne a jone. Mu ƙara da cewa zafin watan Afrilu a Baure, da yakan haura digiri 40, da ƙurar hunturu da ke toshe fankar akwatin, duk suna rage abin da inbata za ta jure.

Gyaran da ya fi dacewa ba ya bukatar sabuwar inbata. A sa ƙwararren mai haɗa wuta ya raba layukan gida biyu. Fitilu, fankoki, talabijin da firji su bi ta inbata. Soket na guga, na hita, na rishon lantarki da na injin ruwa su tafi NEPA kai tsaye da tasu bireka, yadda in an ɗauke wuta za su mutu da kansu. A shafa wa waɗannan soket jan fenti don ƙanana su gane su. Bireka da ke gaban inbata kada ta fi lambar da aka rubuta a jikinta, wayar kuma ta dace da ita, domin waya mai kaurin 2.5mm² wajen amfiya 20 take ɗauka, in an haura sai 4mm² ko 6mm². In inbatar tana ba da damar rage amfiyar caji, a rage.

Ɗalibai, ga aikin hutu. Kowa ya duba lambobi biyun nan a jikin inbatar gidansu ko ta maƙwabta, ba tare da ya buɗe akwatin ko ya taɓa waya ba. Ya rubuta wat na kowane kaya daga tambarin da ke bayansa, ya tara, ya ƙara na caji, ya raba da 230, sa'an nan ya sake rabawa da 180. A kawo mana amsoshin biyu a makon farko na sabon zango.