Amsoshin Tambayoyinku: Bizar Aiki ta H-1B

Wani mai sauraronmu daga Damagaram yana tambaya: takardar ɗaukar aiki kaɗai ta isa a samu bizar H-1B ta Amurka?

To malam, ba ta isa ba. Kamfanin da ya ɗauke ka shi zai nema maka a hukumar shige da fice. Kafin nan, sai ya tabbatar wa Ma'aikatar Ƙwadago cewa zai biya ka albashin da ake biyan masu irin aikin a yankin. Dole aikin ya kasance na ƙwararru, mai buƙatar digiri. Bizar ta shekara 3 ce, ana iya tsawaita ta zuwa 6. Gurabe 65,000 ake warewa duk shekara, da ƙarin 20,000 ga masu digiri na biyu daga jami'o'in Amurka. Da fatan ka gamsu.