Darasi: Abin da Ya Cika Wajen Kano da Jama'a a Farkon Zamanin Turawa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ya 'yan'uwa masu awo na Rano da Kibiya, darasinmu shi ne: daga ina jama'ar da ta cika bayan ganuwar Kano ta fito, kuma ina ruwan mai hatsi da ita?

Ku sani Turawa sun ci Kano a 1903, bayan sun fasa Bebeji, maƙwabtanmu. Sa'an nan bayan ganuwa, in ka ɗebe zangon Fagge, galibi gonaki ne.

Sababi na farko, jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano a 1911, ya zo da akawuna da leburori da masu sana'a daga kudu, har da mutanen Saliyo. A 1913 aka yanka musu Sabon Gari.

Na biyu, gyaɗa. Turawa auduga suka sa rai, amma a kakar 1912 gyaɗa manoma suka yi ta kawowa. Kamfanoni suka buɗe kantuna, dillalai da 'yan dako da masu jakuna suka taru. Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji, a goro ya fara, a gyaɗa ya shahara.

Na uku, haraji. Da wuri ya daina ciniki, sai da kuɗin Bature ake biya, samari suka riƙa fita cin rani. Bayin da suka bar gandaye su ma suka nufi can. Wasu ba su komo ba.

To kun ga, ba haihuwa ce ta cika wurin ba, baƙi ne. Baƙo kuwa ba shi da rumbu, a kasuwa yake ci. Dogo bai bi ta Rano ba, amma cikin waɗannan baƙi ya ja dawar ƙauyuka zuwa birni. Da ruwa ya ɗauke a 1913, yunwar da ake kira Kakalaba ta sauka a 1914. Wanda ya kwashe rumbunsa tun da kaka, ko da kuɗin gyaɗa a hannu, kwano ɗaya sai ya gagare shi.

Fa'ida: inda duk aka buɗe hanya, baki zai ƙaru, farashi zai bi shi. Kada tsadar birni ta sa ka sayar da cimakar gidanka. Kada kuma ka ɓoye hatsi jama'a na yunwa, shari'a ta hana. Allah Ya ba mu halal mai albarka, amin. Wallahu a'alamu.