Yadda Muka Magance Ambaliyar Tankin Kifinmu

A ɗakin kimiyya na makarantarmu akwai wani tankin gilashi da muke kiwon ƙananan karfasa a ciki domin darasin ilmin halittu. Tun shigata aji huɗu Malam ya danƙa mana kula da shi, ni da wani abokina. Abin da ya same mu da hunturun bara shi ya sa na ɗauki alƙalami, ko ƙannenmu da za su gaje mu sa huta da irin wahalar da muka sha.

Tankunan biyu ne. Na sama shi ne gidan kifayen, tsawonsa santimita 100, faɗinsa 40. Na ƙasa kuwa yana ƙarƙashin tebur, mu kan kira shi kwatami, a nan soso da tsakuwa suke tace ƙazanta. Ruwa ya kan tsallake bakin gilashin ta wani lanƙwasasshen bututu ya sauko kwatami, sa'an nan ɗan injin lantarki ya tura shi ya koma sama ta wani bututun dabam. Saukowar nan ba inji ke yin ta ba. Duk wanda ya taɓa ganin direba ya sa tiyo a tankin mota, ya zuƙa da baki, mai ya yi ta zubowa cikin galan, to, ya ga abin da nake nufi. Sharuɗɗan biyu ne kurum: tiyon ya cika ba iska a ciki, kuma bakin da ruwa ke fita ya zama ƙasa da saman ruwan da ake zuƙowa. Nauyin iskar da ke kewaye da mu ke danna ruwan ya hau, shi ya sa ba ya iya hawa fiye da wajen mita 10 ta wannan hanya.

Ran wata Juma'a da la'asar na ga ruwan kwatami ya ja baya, don busasshiyar iskar hunturu tana shanye shi. Na ɗebo bokiti na cika shi maƙil, ina ganin na yi abin kirki. Da dare aka ɗauke wuta. Gari na wayewa muka tarar da ruwa ya malale ɗakin, kwalin littattafan gwaji na 'yan aji shida ya jiƙe sharkaf, ga kuma wayar lantarki kwance cikin ruwa. Allah ya kiyaye, wutar ba ta dawo ba tukuna. Malam bai yi faɗa da yawa ba. Cewa ya yi in haka ta sake faruwa zai miƙa wa kuku kifayen ya soya, a kai tankin sito.

Mun fara zaton gilashin ne ya tsage, ashe ba haka ba ne. Da injin ya tsaya, bututun da ke kai ruwa sama sai ya zama tiyon direba, ya shiga zuƙo ruwan yana maido shi ƙasa, kuma ba zai daina ba sai bakinsa ya fito fili ya shaƙi iska. Muka auna, bakin yana nutse santimita 8. Kowane santimita ɗaya na zurfin tankin, watau 100 sau 40, lita 4 ke nan. Lita 32 suka gangaro cikin kwatamin da ni da hannuna na hana shi wuri.

Maganin bai ci mana ko kwabo ba. Muka gasa ƙusa a wuta, muka huda bututun santimita 2 ƙasa da saman ruwa. Yanzu in wuta ta ɗauke, da ruwa ya sauka zuwa hudar sai iska ta shiga, zuƙon ya yanke, abin da ke saukowa bai wuce lita 8 da ɗan abin da ke cikin bututu ba. Amma gansakuka ta kan toshe hudar, don haka kowace Asabar mu kan sa tsinken tsintsiya mu buɗe ta. Sa'an nan muka kashe injin, muka jira ruwa ya gama sauka, muka ƙara wa kwatami har ya rage faɗin tafin hannu ya cika, muka sake kunnawa. Inda ruwan ya tsaya muka ja layi da jan fenti. In inji na aiki, ba a ƙetare layin nan ko wa ya ce.

Bayan mako biyu sai ga wata matsalar, kishiyar ta farko. Muna karatun yamma abokina ya lura tankin sama na neman tumbatsa, kwatami kuwa na ƙafewa. Ƙananan kumfa ne suka taru a ƙololuwar lanƙwasasshen bututun har suka zama babbar iska, ruwa ya kasa wucewa, shi kuwa inji bai san an yi ba, yana ta turawa. Ni a ganina wannan ta fi haɗari, domin bayan ambaliya injin ma ya kan ƙone in ya yi aiki ba ruwa. Muka zura siririn tiyo zuwa ƙololuwar muka zuƙe iskar. Bututun ya yi faɗi da yawa, ruwa na tafiya a hankali, shi ya sa kumfa ke samun wurin maƙalewa. Da muka musanya shi da wanda ya ɗan fi shi ƙanƙanta, sai ƙarfin gudu ya riƙa tafiya da su. Bakunansa biyu kuma kowanne yana nutse cikin ɗan akwatin da ba ya ƙafewa, domin in wuta ta dawo zuƙon ya ci gaba da kansa. Muka ɗaura raga a gaba saboda katantanwa, muka kuma ɗaga injin bisa bulo, yadda ko bututun ya toshe, abin da zai iya turawa ba zai fi wurin da ya rage a tankin sama ba.

Ranar da muka ce mun gama, Malam ya zo da kansa ya zare wayar injin sau uku, kowane karo yana duban agogonsa har minti goma. Daɓe bai jiƙe ba. Kuku dai har yanzu in ya gan ni a layin abinci sai ya tambaye ni ko karfasan sun yi girma.