Ƙasar Gonakinmu Da Can Dutse Ce

 A wannan makon za mu duba abin da yake ƙarƙashin ƙafafunmu. Wanda ya tashi a Madobi ko Kura ko Bunkure zai iya cewa darasin duwatsu bai shafe mu ba, tunda duk inda muka duba shimfiɗaɗɗen fili ne da gonakin shinkafa da tumatir. To duwatsun suna nan, ƙasa ce ta rufe su.

Masu haƙar rijiya sun fi kowa sanin haka. Da farko sukan cire ƙasa mai laushi, sai su tarar da marmara ko tsakuwa ja. Idan suka ci gaba sai su iske wani ruɓaɓɓen dutse da ake iya marmasawa da hannu. Daga nan sai fa, wanda diga ba ta iya masa komai. Ruwan da muke sha yana taruwa ne a cikin ruɓaɓɓen dutsen nan da kuma tsage-tsagen fa ɗin. Shi ya sa wani zai haƙa rijiyar burtsatse ya samu ruwa, maƙwabcinsa ya haƙa bai samu ba, domin shi bai faɗa kan tsaga ba.

Yawancin fa ɗin nan dutsen giranayit ne da 'yan uwansa, irin wanda ake fasawa a yi kankare da shi. Allah ne ya halicci komai, masana kuwa suna bin sawun yadda abin ya gudana. Sun ce kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce manyan ɓangarorin ɓawon duniya suka yi karo a wannan yanki. Zafi da matsi suka narkar da dutse can ƙasa, ya zama kamar tafasasshen kunu. Narkakken dutsen bai fito fili ba, sai ya huce sannu a hankali a cikin ƙasa har ya daskare. Saboda ya daɗe yana hucewa, ƙwayoyinsa suka samu lokacin girma, har ido yana ganinsu. Ku ɗauki tsakuwar kankare ku duba da kyau. Za ku ga ƙwaya mai kama da gilashi, da wata fara ko ja-ja, da wata baƙa mai ƙyalli. Ku riƙe biyun farko a ranku, za mu dawo kansu.

Wanda yake son ganin dutsen nan a fili sai ya je Rano. Manyan duwatsun da ke can a cikin ƙasa suka daskare, ruwa da iska ne suka kwashe abin da ya lulluɓe su har suka bayyana.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne a Jihar Kano an taɓa yin dutse mai aman wuta. Yana Riruwai, cikin ƙaramar hukumar Doguwa, can kudancin jihar. Ya yi amansa sama da shekara miliyan 150 da suka wuce, ya mutu, samansa ya zaizaye, saiwarsa ce ta rage. A jikinta ake samun kuza, wadda Hausawa suke haƙa suna narkarwa tun kafin zuwan Turawa. Kada kowa ya tsorata, ba zai farka ba.

To yaya dutse yake zama ƙasa? Da rana fa yakan yi zafin da ba ya takuwa, da dare ya huce, musamman lokacin hunturu. Yau da gobe sai ya tsage, bayansa ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa. Amma ruwa ne babban ma'aikaci. Yakan shiga tsagar ya zauna, ya riƙa cin dutsen a hankali, saiwar itatuwa ma ta kutsa ta ƙara buɗa shi. Ƙwayar nan fara ko ja-ja ba ta jure ruwa, sai ta ruɓe ta zama yumɓu, wanda ake gina tukunya da tulu da shi. Mai kama da gilashin kuwa taurin kai gare ta, ba ta ruɓewa, sai dai ta warware ta zama yashi da rairayi. Ke nan tulun da ke tsakar gida da yashin da ake buga bulo da shi uwarsu ɗaya.

Marmara ita ma daga nan ta fito. A zamanin da ake samun ruwan sama mai yawa, ruwa ya wanke sauran sinadaran ƙasa ya bar ƙarfe, ƙarfen ya yi tsatsa ya daskare, shi ne jan da muke gani. Dutsen Dala da Goron Dutse a birnin Kano suna da hular marmara a kansu. Mutane da yawa suna zaton Dala tasowa ya yi daga ƙasa. A gaskiya ƙasar da ke kewaye da shi ce ta zaizaye ta yi ƙasa, shi kuma hularsa ta kare shi. Saman Dala, mita 534 daga doron teku, ragowar tsohon fili ne. Tamar da ke jikinsa ce ta jawo maƙera suka zauna a wurin sama da shekara 1,000 da suka wuce.

Bayan dutse ya marmashe sai a samu masu ɗauka. Garinmu yana tsakanin kogin Kano da kogin Challawa, waɗanda suke haɗuwa a gaba su zama kogin Haɗeja. Kogin Kano daga tsaunukan kudu yake gangarowa. Inda yake da ƙarfi yakan mirgino tsakuwa, inda ya lafa ya ajiye yashi, inda ya malala ya kwanta kuma ya bar laka. Haka aka samu fadama. Iska ma tana nata dakon. Ƙurar hunturu da muke gogewa daga kan bencinmu, da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta taso, inda wani tsohon tafki ya ƙafe. Tana sauka a gonaki kowace shekara ta zama ƙasa.

Siffar ƙasar ce ma ta sa aikin noman rani ya yiwu a nan. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da aka yi zamanin Gwamna Audu Baƙo. Tiga tana kan tudu, filayen Kadawa da Kura da Bunkure kuma sun ɗan karkata zuwa arewa, don haka ruwa yake bin babbar hanyarsa da kansa ba sai an tura shi da inji ba. Sai dai madatsa tana tare laka da yashin da kogi ya saba kawowa, su kwanta a cikin tafkin. A lokaci guda tifofi suna ta kwasar yashi daga kogunanmu. A ganinmu nan akwai abin dubawa. Idan aka kwashe fiye da abin da ruwa yake kawowa, kogi yakan zurfafa, gaɓarsa ta rufta, gonar da ke baki ta bi ruwa. Kafin dutse ya ba da ƙasa mai kaurin ɗan yatsa ana ɗaukar ɗaruruwan shekaru, amma ruwan dare ɗaya a watan Agusta yana iya wanke ta daga gonar da aka bari ba ciyawa ba itace. Jan ruwan da ke gudu a kwalbati bayan an ɗauke ruwan sama, ƙasar wani ce take tafiya.

Ga gwajin da kowa zai iya yi a gida. A samu gorar ruwa marar launi, a zuba ƙasar gona har kusan rabi, a cika da ruwa, a girgiza sosai a ajiye. Yashi zai kwanta nan take, mai laushi ya biyo baya, yumɓu kuwa sai ya kwana yana yawo kafin ya sauka. A gwada da ƙasar fadama da ta jigawa, a auna kaurin kowane hawa da rula. Wanda ya yi ya kawo mana gorarsa da sunan unguwar da ya ɗebo ƙasar, za mu jera su a gindin wannan allo mako mai zuwa.